Ka Sha Ruwa a Gaban Surukinka

Zuwa ga ɗana Nuhu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaishe da innarka da ƙannenka da matarka Binta, da duk wanda ya tambaye ni a unguwa. Allah ya sa takardar nan ta same ku cikin rufin asiri, ya tsare ku daga abin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Ni nan Kano lafiya lau, gadin nan dai ake ta fama da shi, sai kewar gida. Ka yi haƙuri da rubutun, na yaƙi da jahilci ne, kuma a kan gwiwa nake yin sa.

Direban motar Ɗambatta da ke kawo mini saƙonku ya tsaya jiya ya ce da ni, "Malam Garba, ashe ɗanka zai kora shanu kudu?" Na ce, "Shi da wa?" Ya ce, "Shi da surukinsa, Malam Tanko. Su biyu rak." Ya ce kun haɗa shanun noman gidanmu da nasu, za ku kai su wajen wani Bafulatani abokin Malam Tanko can ƙasar Zazzau, inda har yanzu ake samun ciyawa, su zauna har ruwa ya sauka. Shawarar ta yi. Karan da muka tara ya ƙare, harawa ko ta magani babu, in muka bar su a turke za mu wayi gari muna jan mushe, damina ta zo ta same mu da fartanya kaɗai. Ban hana ba, na sa albarka.

Amma tun da ya ce ku biyu rak abinci ya ƙi wuce mini. Maigidan da nake wa gadi ya yi tafiya, ba halin in bar ƙofa in zo kafin ku tashi, shi ya sa na nemi takarda. Ba ɓarayi nake ji maka ba, ba kuma maciji ba. Kunyar nan taka da ka kwaso a wurina nake ji maka. Ai na san ka. Ba kai ne ka hango Malam Tanko a hanyar masallaci ka ratse ta bayan danga har ƙaya ta yaga maka sabuwar riga ba? To yanzu kwana da kwanaki za ka yi da shi a daji, babu danga, babu zauren da za ka shige ka ci tuwo a ɓoye. Tsorona kada ka bar kanka da yunwa da ƙishirwa saboda shi har ka faɗi a hanya. Ni na taɓa yi, kuma saura ƙiris da ba a haife ka ba.

Shekarar da na auri innarka ma fari aka yi, irin wanda gero ya kai gwiwa ya bushe a tsaye. Da rani ya yi nisa, rumbuna suka zama wayam, har ɓeraye suka yi ƙaura. Kakanka Malam Gwadabe, mahaifin innarka, Allah ya jiƙansa, ya ce zai je kudu da jakuna biyu ya samo wa gidansa da namu dawa, yana neman mai ƙarfi ya raka shi. 'Ya'yansa maza duk ƙanana ne, sai aka ce ai ga ango. Ni kuwa har wani daɗi na ji. Na ce a raina yau suruki zai ga irin mijin da 'yarsa ta samu.

Wautata ta farko tun a ƙofar ɗaki na tafka ta. Na ajiye tsohon takalmina na taya da ya saba da ƙafata, na zura sabon takalmin angoncina na fata, wai kada suruki ya gan ni da tsumma. Innarka ta dubi ƙafata ta ce, "Malam, biki za a je ne ko daji?" Na ce ta bar ni, ita ba ta san tafiyar maza ba. Kafin mu wuce Dawakin Tofa dunduniyata ta yi bororo, kafin la'asar bororon ya fashe, takalmi ya manne da nama. Don haka ka sa tsohon takalminka na taya, wanda kake zuwa gona da shi, ko da kuwa Binta za ta yi maka dariya. Ka riƙe allura da zare mai ƙwari da 'yan ƙusoshi don in igiyarsa ta tsinke. Ka karɓi man kaɗanya wajen innarka, duk inda kuka yada zango ka wanke ƙafa ka duba ta da kyau ka shafa. In ƙaya ta soke ka, tsaya nan take ka cire da allurar, kada ka ce sai an isa. Shanun ma ka riƙa ɗaga kofatansu kana dubawa, su ba su da bakin faɗa.

Salkar ruwa ma sabuwa na ɗauko, saboda dai wannan banzan son a yaba. Ban jiƙa ta ba, ban gwada ta ba. Tun ranar farko ta fara tsiyaya a jikin jaki, ruwan da ya rage kuma yana warin jima. Kakanka ya shinshina ya ce, "Garba, wannan akuyar ba ta gama mutuwa ba." Dole muka koma kan tsohuwar salkarsa mu biyu. Yanzu zamanin jarka ne, kun huta, amma ita ma ka cika ta tun kafin ranar tafiya, ka kwantar da ita a busasshiyar ƙasa ka ga ko za ta yi yoyo. Ka raba ruwanku gida biyu, don in ɗaya ta fashe a sami na kaiwa gaba. Akwai wata shuɗiyar jarka a ɗakin innarka da aka taɓa zuba kananzir. Ko ta rantse maka ta wanke ta da toka kada ka yarda.

Ruwan hanya kuma ba kowanne ake kafa wa kai ba. Lokacinmu ba a datse kogin Watari ba, yashi muka tona da hannu muka jira ya tsatso, kuma wannan ruwan ya fi na kududdufi lafiya. In dole ta sa sai na kududdufi, ka tace da tsumma mai tsabta ka tafasa, in ba haka ba kurkunu zai jira ka sai tsakiyar damina, lokacin da gona ke nemanka, sannan ya fito maka a ƙafa. Yanzu da aka yi dam, gefen nan duk lambuna ne. Shanun da suka yi watanni ba su ga kore ba in suka hango tumatir ba sa jin kira. Ku sa musu takunkumi tun daga nesa, ku riƙe igiya gam, don mai lambu a shekara irin wannan ba ya sauraron ban haƙuri.

Kaya kada ka jibga. Ni har babbar riga na ɗauka da kwalbar turare, na manta da igiya. Bargo ɗaya, tabarma, buta, adda, wuƙa, ƙaramar tukunya, igiya doguwa ban da ta shanu. Ashana ka zuba ta a gwangwani mai murfi, don kudu ruwa kan riga namu sauka. Tocila ka cire mata batir ka naɗe daban, kada ta kunna kanta a jaka ka zo nema ka tarar ta mutu. Guzuri a yi maka wanda ba ya lalacewa, gumba busasshiya da ƙuli-ƙuli da kwaki, da tsamiya da gishiri, sai kanwa saboda shanu. Innarka za ta so ta cusa maka dambu da zogale. Ka karɓa ka gode, ka cinye shi ranar farko, don ba ya kwana.

Wurin kwana ku neme shi tun rana na da sauran tsawo. In kusa da gari ne, ku fara zuwa ku gaida mai unguwa ku faɗi ko ku su waye, baƙo da shanu in bai yi sallama ba sunansa ɓarawo. Wata yamma muka iso wani busasshen rafi, yashi lallausa, na yi maza na shimfiɗa tabarmar kakanka a ciki ina jiran yabo. Ya ce, "Naɗe ta, Garba. Ka ga baƙin hadarin can a gabas? In aka yi ruwa a can, nan zai biyo, kuma ba zai tashe mu ba." Muka hau tudu muka kwana a kan tsakuwa ina ta ƙunƙuni a zuci. Da gari ya waye rafin ya cika har baki, yana tafe da itatuwa. Ka kiyaye wannan. Ka share ciyawa kafin ka hura wuta, ka binne ta da ƙasa kafin ku tashi. Da asuba kada ka zura ƙafa a takalmi sai ka kakkaɓe shi, kunama ma tana neman makwanci.

Duk waɗannan ƙananan abubuwa ne, Malam Tanko ma zai iya faɗa maka su. Wanda ba zai iya faɗa maka ba shi ne wannan.

Duk inda muka yada zango, kakanka zai shimfiɗa buzunsa ya kwance guzuri ya ce, "Garba, bismilla." Ni kuma in sunkuyar da kai in ce, "Na ƙoshi, Baba." Ya miƙo salka, in ce, "Na sha, Baba." Haka aka tarbiyyantar da mu, kuma haka muka tarbiyyantar da ku, suruki bai ga motsin bakinka ba. A tafiya abin ya zo da sauƙi, don hanyar gari muka bi. Sai in zame kamar zan kewaya, in laɓe bayan wata katanga ko kuka, in cusa ƙuli-ƙuli in kurɓi ruwan buta a gurguje, in goge baki in dawo. Ciwon ƙafa kuwa na ɓoye shi, kullum ina bayan jakuna don kada ya ga ɗingishina.

A dawowa ne Allah ya kama ni. Mun samo dawa, kowane jaki da lodinsa, sai kakanka ya ce mu bar hanyar gari mu yanki daji, don a shekarar yunwa ba a ratsa mutane da buhun hatsi. Muka faɗa wani fako mai faɗi, ba kuka, ba katanga, ko tururuwa ta gifta sai an gan ta. Ga bazara ta kai bazara. Ga ƙafata ta ɗuri ruwa, zazzaɓi ya fara shigata. Salka tana rataye a jikin jaki, ina tafe ina jin motsin ruwan a ciki, hannuna har yana taɓa ta, amma suruki na nan.

Abin da ban gane ba sai daga baya, ashe tsohon ya daɗe da lura. Jim kaɗan sai ya tsayar da jakin gaba, ya juya mini baya, ya duƙa yana ta gyaran ɗaurin kaya. Ɗaurin nan ba abin da ya same shi. Fili yake ba ni in sha. Ni kuwa sarkin ladabi, da na ga suruki ya duƙa sai in ɗingisa da gudu in ce, "Kawo, Baba, ni zan ɗaure." Sai ya dube ni ya sakar mini igiyar. Shi ma kuma ba ya iya ɗaga salka ya sha ya ƙoshi alhali yaro na tsaye da busasshen baki, sai ya jiƙa leɓe kawai ya mayar. Haka muka yi ta tafiya, mutum biyu da ruwansu a hannu, kowa na kashe kansa saboda ɗan'uwansa.

Wata rana da tsakar rana na ji zufa ta ɗauke mini ƙaf. Kaina ya riƙa sarawa, na ga jakuna sun zama huɗu. Daga nan ban san abin da ya faru ba. Na farfaɗo na ji kaina a kan cinyar mutum, jiƙaƙƙen rawani a goshina. Kakanka ne. Ya kafa sanduna ya rataya bargo ya yi mini inuwa, ya sa wuƙa ya farke takalmin angoncin, yana duban dunduniyata yana salati. Ya ce, "Garba, da wannan kake tafiya?" Ya kawo bakin salka bakina. Wallahi Nuhu, a wannan halin ma sai da na kau da kai. Sai ya kama haɓata da ƙarfi ya ce, "Kai yaro, yau ba ni da suruki a dajin nan. Sha! Me kake so in je in ce wa 'yata? In ce mata mijinki ya mutu da ladabi?" Na sha ina kuka, shi ma ya sha a gabana.

Ba na iya taka ƙasa. Ya sauke lodin jaki ɗaya, ya ja buhunan ƙarƙashin wata ƙaya ya rufe da ƙirare, ya ɗora ni a kan jakin. Shi da ya haifi matata, shi ya riƙe ni da hannu ɗaya yana kora da ɗaya har muka kai wani ƙauye. Ya damƙa ni ga wanzami ya tsaga ƙafar ya matse, shi kuma ko zama bai yi ba ya juya da jakin ya koma. Da ya dawo jakin ba komai a bayansa. Na tambaye shi, ya ce, "An riga mu. Wanda ya ɗauka ma yunwa ce ta sa shi, Allah ya sa ya kai wa yara."

Rabin hatsin gida biyu ke nan ya tafi. A daminar nan, kafin sabon gero ya nuna, dusa da tafasa muka ci. Innarka na da cikin yayarka, ina kallon wuyanta yana siranta, in ta miƙe sai ta dafa bango. Ƙannenta ƙanana su zo su tsaya a ƙofarmu, ba su roƙa ba, ba su kuma tafi ba. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi. Kakanka bai taɓa yi mini gorin hatsin nan ba, ko sau ɗaya. Labarin "Na ƙoshi, Baba" kawai ya riƙa bayarwa a ƙofar masallaci yana kwaikwayon muryata, mutane na riƙe ciki. Sunan da kake ji tsofaffi na kirana da shi, Na-ƙoshi, kana zaton don ba ni da ci ne, to ka ji asalinsa.

Ba cewa nake ka zubar da kunya ba. A gida ka ci gaba da ratse wa Malam Tanko hanya, ka yaga riguna iya son ranka, abu ne mai kyau kuma ina alfahari da kai. Amma daga ranar da kuka saki shanu daga turke har ranar da kuka dawo, abokin tafiyarka ne. Na yi niyyar rubuta masa shi ma, na fasa. Tare muka tashi, na san halinsa. Zai ce to, sannan ya je ya yi ta juya maka baya yana gyaran igiyar da ba ta kwance ba. Kai ne ƙarami, a wurinka sauƙin zai fito. A zangon farko, tun kafin yunwa ta zo, ka ɗauki jarka ka durƙusa ka zuba masa ka ce, "Baba, bismilla." In ya sha, ka zuba ka sha a nan inda kake durƙushe, yana gani. Ka dama gumba a ƙwarya ɗaya ka ajiye a tsakaninku ka sa hannu. Loma ta farko ce za ta tsaya maka a wuya, ta biyu za ta wuce.

Ku yi tafiyarku daga asuba zuwa hantsi, ku nemi inuwa ku da shanu har la'asar. Kada ka jira ƙishirwa ta kira ka, ka riƙa kurɓa a kai a kai. In ka ga fitsarinka ya yi ja, ko kanka na sarawa, ko zufa ta ɗauke alhali rana na duka, ka buɗe baki ka ce, "Baba, mu tsaya, ba ni da lafiya." Ba a mutuwa don an faɗi haka, na gwada daga baya. Ka jiƙa tsamiya da ɗan gishiri ka sha, ka zuba ruwa a ka. Ko ƙurji ne ya fito maka, ka nuna masa ranar da ya fito. Shi ma ka sa masa ido. Yana da tsohon tari da ciwon gwiwa, kuma zai gwammace ya faɗi da ya ce wa mijin 'yarsa ya gaji. In ka ga tafiyarsa ta canja, ka ce kai ne ka gaji, ku zauna.

Shanun nan na san yadda kake ji da su, tun suna maruƙa kake musu dusa. In ɗaya ya durƙushe, ku ba shi ruwa da kanwa ku ɗaga shi. In ya ƙi tashi, kada ka zauna a rana kana lallashinsa har ku zama biyu. Ku yanka shi, ku kira mutanen ƙauyen da ke kusa su raba, ku wuce. Ba zan yi maka faɗa ba, na faɗa kuma na rubuta. Sa a kasuwar Ɗambatta na samo shi, kai kuwa haifarka na yi. Kuma innarka ta aiko mini cewa Binta ba ita kaɗai ba ce yanzu. Kada ka sa Malam Tanko ya tsaya a ƙofar ɗakin 'yarsa yana neman abin da zai ce mata.

Ka yi sallama da innarka da kyau, ka nemi gafararta, kada ka fita tana bayan gida. Kada tafiya ta sa ka wasa da salla. Allah ya kai ku lafiya, ya buɗe muku ruwa da ciyawa, ya haɗa ku da mutanen kirki a kowane zango. Allah ya kau da mugun ji da mugun gani, ya tsare gabanku da bayanku, ya sauko mana da damina mai albarka, ya dawo mini da kai a kan ƙafafunka. Amin.

Ranar da na ji kun dawo, ko maigida na nan ko ba ya nan zan hau mota in zo. Ba zan tambaye ka shanu nawa suka kai ba. Gidan Malam Tanko zan wuce kai tsaye in ce, "Malam, yaron nan ya ci abinci a gabanka?" Ka yi ƙoƙari ya ce mini, "Ci? Ai saura kaɗan ya bar ni da yunwa."

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Garba